Gwaji Uku, Har Yanzu Ba Ka Yarda Ba

Zuwa ga ɗana Auta,

Gaisuwa mai yawa daga kawunka. Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko da yake na san in na ce lafiya za ka yi mini gardama. Mu nan ƙalau muke. Antinka ta koma ɗinki, yara sun shiga jarrabawa, ni kuma ina fama da 'yan aji uku. Da hannu na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo maka, ko ka karanta a natse.

Saƙonninka sun iso, duka goma sha bakwai, har da hotunan harshenka guda shida. Ɗaya ma a ɗakin malamai na buɗe shi, malamin lissafi ya leƙo ya tambaye ni ko darasin gobe nake shiryawa. Na ji daɗi da ka zaɓe ni ka faɗa mini, kuma ba mai ji daga bakina. Amma wallahi, Auta, ka gajiyar da ni.

Mu bi abin da kai da kanka ka rubuta. Ranar da kuka gama kwas, kai da yarinyar nan kun keɓe, kun sumbaci juna, hannu ya kai inda bai kamata ba, iyakar abin ke nan. Ka ce ka tuba, to wannan tsakaninka da Mahaliccinka ne, ba zan ƙara maka ba. Yau wata huɗu. Ka yi gwaji sau uku a wurare uku, na ƙarshen bayan wata uku cif, likita ya duba ka ya ce babu ƙanjamau, babu ciwon sanyi, babu tunjere. Kai kuma ka ce ƙila na'urarsu ce ta gaji. Duka ukun?

Sai a saƙo na sha huɗu ka ambata, kamar ba komai ba, cewa safe da yamma kana wanke gabanka da ruwan maganin goge banɗaki, ko sirkawa ba ka yi. Ɗana, shekara ashirin ina koyar da ilimin halittu. Ko fatar takalmi ka yi wa haka sai ta saɓule. Wannan zafin da ƙaiƙayin da kake kuka da su aikin kwalbar maganin nan ne. Harshen kuma dole ya yi fari, mako biyar kana haɗiyar kafso daga kemis ba wanda ya rubuta maka. Tattara kwalbar da ragowar kafson ka kai wa likitan, ka faɗa masa gaskiya, har da faɗuwar gaban da ta hana ka cin abinci, domin ita ma ciwo ce kuma ana maganinta.

Abin da ya sa na ɗauki biro dai Ummanka ce. Ka ce mata ba za ka zo hutu ba saboda kana shan magani, sannan ka kashe waya. Ni ka ce mini tsoron shan ruwa a kofinta kake yi, kada ka shafa mata ciwo. Ita kuwa ta ɗauka wani mugun ciwo kake ɓoye mata. Jiya ta zo ta zauna a kujerar bakin ƙofa, ta ce in kira asibiti a ɗage aikin yanar idonta na ranar tara ga wata, wai ba za ta kwanta a yi mata aiki ba alhali ba ta san halin da autanta yake ciki ba. Idon hagun ya riga ya rufe, na daman ma da lalube take zuba shayi. In aka ɗage, sai bayan wata biyar za a sake ba ta rana.

Ban kira asibitin ba. Na roƙe ta ta ba ni kwana uku. Ka kira ta, ka ce mata lafiyarka ƙalau, domin gaskiya ce, ka kuma faɗa mata ranar da za ka taso.

Antinka tana gaishe ka, haka ma yayarka da mijinta da Kaka. Ka gaida abokin ɗakinka, Allah ya ƙara masa haƙuri da kai. Ka sani kwana ukun nan tun jiya suka fara.

Naka kullum,
Kawunka