Kibiyoyin da Baba Ya Juya

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Sallama irin ta addini da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, Allah ya ƙara maka lafiya ya buɗa maka hanyoyin alheri. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Inna ta daina kumbura, sai dai bakin nata yana nan yadda ka sani. Ni kuwa ina fama da ɗinki, idona ya fara gazawa wajen zura zare, ga gajiyar da barci ba ya ɗauke ta. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya kullum kana sauri, maganar nan kuma ba ta gaggawa ba ce.

'Yata ta fari, wadda Baba ya laƙaba wa Injiniya tun tana rarrafe a shagonsa, ta faɗi jarrabawar shekarar farko a kwalejin fasaha. Maki uku kacal suka hana ta wucewa, za ta maimaita shekara. Wannan ya dame ni, amma ba shi ya sa ni rubutu ba. Ana saura mako guda jarrabawa ta kai wa Baba zanen da take bita, mai nuna yadda wuta ke zagayawa daga batir ta bi waya ta komo. Ta ja kibiyoyinta daga kan batir mai alamar tarawa zuwa mai alamar ɗebewa, kamar yadda aka koya musu. Baba ya sa gilashi, ya duba, ya yi dariya, ya ce malaman yanzu sun mayar da wuta tana tafiya da baya. Ya ce maigidan da ya koya masa gyaran tsofaffin rediyo masu ƙwan gilashi ya nuna masa da hannunsa cewa daga alamar ɗebewa take fitowa. Ya ɗauki jan biro ya juya kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ka san yarinyar, in Baba ya ce rana daga yamma take fitowa, to can za ta juya ta jira ta. Haka ta zana a jarrabawa, tambayar kuma mai maki goma ce.

Na tafi kwalejin da kaina, na yi zaman awa biyu a kan benci kafin in ga malamar. Mace ce mai haƙuri. Ta yi mini bayani cewa Baba bai yi ƙarya ba, ƙananan ƙwayoyin da ke gudu a cikin waya daga alamar ɗebewa suke tashi. Amma tun kafin a gano haka masana sun riga sun daidaita a kan a riƙa zana kibiya ta ɗaya hanyar, a kan wannan aka rubuta littattafansu, shi kuma tambayar ta nema ƙarara. Ta ce rediyo ba ruwansa da inda ka zana kibiya, shi ya sa mutum zai shekara arba'in yana gyara bai taɓa cin karo da matsalar ba. Na dawo na maimaita wa Baba iya abin da na riƙe. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni, in duka biyun daidai ne, me ya sa jikarsa ce za ta rasa shekara.

Yau kwana goma sha tara bai buɗe shago ba. Masu rediyo da fanka suna zuwa ƙofar gida, sai ya ce in ce musu hannunsa na rawa. Ita kuma Injiniya ba ta riƙe shi da komai ba, kullum tana kai masa shayi, amma da ya ji takunta sai ya juya fuska bango. Na gaji, Yaya. Na gaji da lallashin tsoho da yarinya a gida ɗaya, ga Inna tana ce mini in bar shi zai huce.

Jiya da hantsi Baba ya kira ni. Ya ce kai ma a gabansa ka fara koyon wuta, haka ya koya maka, sannan ka tafi jami'a ka karanta ta shekara biyar. Ya tambaye ni ko ka sani tun lokacin. Na ce ban sani ba, amma ni da shi duk mun san amsar. Na san don girmamawa ka yi shiru, ba ka so ka gyara wa mahaifinka zance a cikin shagonsa. Sai dai shirun naka 'yata ce ta biya shi. Ka kira shi ranar da ba ka da sauri. Zai tambaye ka, kuma ina roƙonka kada ka ce masa ba ka sani ba.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da Babba da 'yan biyu. Inna da Gwaggo da maigidana suna gaishe ka, Injiniya ma ta ce a gaida Kawu. Baba bai ba da saƙo ba.

Taka ƙanwa,
Tela