Biyar da Tara

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da karatun naki. Ni dai ina nan, gwiwa ce kawai take min rashin kunya.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce kina binciken yadda sigina ke tafiya tsakanin garinmu da naku, kin kwaso rahotannin da mu masu rediyon sha'awa muke shigarwa a shafin intanet, sai nawa suka hargitsa miki aiki. Wai kowace Asabar na rubuta na ji ubanki biyar da tara, wato murya tangaran, ƙarfi cikakke, har a ranakun da na'urorin da ke sauraro da kansu ba su ji ko tari ba.

Tun yaushe na'ura ta fi kunne? Ni da na koyar da wannan ilimin kafin ubanki ya yi gemu, yau kwamfuta ce za ta ƙaryata ni? Kuma duk ɗan rediyo ya san biyar da tara gaisuwa ce. Ko mutum yana magana kamar daga cikin rijiya, ita ake ba shi don kada ya ji kunya. Wanda ya gina digiri a kan gaisuwa, shi ya sani.

Ki gaida mahaifiyarki.
Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Ina gaisuwa cikin ladabi. Allah ya sauwaƙe gwiwa.

Baffa, ba gardama nake ba, amma eriyar Baba ta faɗi tun daminar bara. Tana nan a nannaɗe bayan kicin, Mama na shanya a kai. Malamina ya ce in zubar da rahotanninka duka. Ni kuwa ba na so, naka ne kaɗai suka kai shekara ashirin. Ka faɗa min daga ina gaskiyar ta tsaya.

Sai kuma wannan, kada ka ce ni na faɗa. Kowace Asabar Baba yakan sa in buɗe masa shafin. In ya ga rahotonka sai ya ce, "Yayana dai kunnensa har yanzu da sauransa." Ya yi dariya, ya shige ɗaki, ba ya fitowa cin abinci.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama. Kin kama tsoho, sai ki yi masa a hankali.

Ki riƙe na shekara tara na farko, da kunnena na ji su. Sauran goma sha ɗayan ki zubar. Ranar da aka sauke ni daga shugabancin sashenmu a wurin aiki aka ɗora ubanki, ƙanena da na koya wa riƙe waya, na hau rediyo na ce masa kada ya ƙara kirana, duk abokanmu suna ji. Yaro mai biyayya, bai ƙara ba. Waɗanda suka haɗa mu faɗa sun ci sun goge baki, ni aka bari da fushi da takardun shaida da gara ke ci a akwati.

Duk Asabar da ƙarfe biyar nakan kunna rediyo a mita arba'in, inda muka saba haɗuwa. Shuuu kawai nake ji. Sai in rubuta na ji shi. Bakina ba ya iya cewa ya kira ni, shafin kuma ba ya tambayar shaida.

Ki ba malaminki haƙuri. Eriyar nan kuwa, igiya da sanda kawai take buƙata. Ban ce ki faɗa wa kowa ba.

Baffanki.

*

Baffa,

Gaisuwa. Mun ɗaga eriyar, Mama na ta mitar wurin shanya. Baba da kansa ya riƙe tsani. Ya ce Asabar, ƙarfe biyar.

'Yarka.

*

Uwata,

Na zauna tun huɗu da rabi. Can ƙasan shuuu ɗin na ji kamar mutum ya yi gyaran murya, sau biyu, sai ya ɓace. Ba zan iya rantsewa ba, don haka ban rubuta komai ba.

Ki ce masa ya ƙara wa sandar tsawo, kuma ya kira da shida, lokacin hanyar sigina ta fi buɗewa. In bai samu ba ranar, ya gwada Lahadi. Ina nan, ba inda za ni.

Baffanki.