Hannun da Baba ke Fara Ɗagawa

Zuwa ga ƙanena Teng Hai,

Gaisuwa mai yawa daga Penang. Ya ƙafar mai ɗakinka, ya jikoki? 'Yata Bee Lian ke rubuta mini, na hana ta gyara ko kalma ɗaya.

Lafiyata ƙalau. Cikin ne kawai ke ɗan gardama, kunun shinkafa ma sai rabin kwano. Bee Lian ta ce, "Baba, mu je asibiti." Na ce, "Ke, tun ba a haife ki ba nake miƙa jijiyar ciki." Kullum da safe ina yi yadda mahaifinmu ya koya mana a bakin rijiya: hannu ɗaya ya tokare sama, ɗaya ya danna ƙasa. Sai dai a nan silin nake taɓowa, kuma ba kowa a gefena.

Ka aiko mini da zaitun mai gishiri. Sannan, wane hannu Babanmu ke fara ɗagawa? Ba mantawa na yi ba, shekara sittin ni ake tambaya. Makon jiya ne kawai na tsaya, na rasa ta inda zan fara. Kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka gan shi yana yi. Kada ka jinkirta amsa.

Kakanni su tsare gida.

Yayanka,
Teng Siu