Katafila a Filin Tseren Brookend

Daga:
Maharazu Lawal Gumel,
Sakataren Ƙungiyar Masu Tseren Babur a Filin Turɓaya,
Catford, London.

14 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga:
Malama Eunice Katung,
Jami'ar Kula da Filaye,
Hukumar Amintattun Filayen Brookend.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: RUSHE TUDDAN KWANA DA KULLE FILIN TSERENMU

Bayan gaisuwa ta girmamawa, na rubuto a madadin ƙungiyarmu domin kawo kukanmu gare ki.

1. Kamar yadda ofishinki ya sani, a shekarar 2022 hukuma ta ba mu aron tsohon filin tsere da ke bayan layin dogo. Mun same shi ƙaya ta cinye shi, ga tsofaffin katifu da tayoyi. Mun kira gayya kowace Asabar: likita da direban bas kowa da shebur a hannu, iyalanmu kuma na kawo abinci a kula. Mun yi haka ne domin samarinmu, waɗanda a da suke tsere a kan kwalta tsakanin motoci.

2. A kowace kwana mun gina tudu na laka, a karkace, domin shi ke riƙe babur idan ya shiga kwana da gudu. Malam Sumani, dattijon da ke horar da matuƙanmu, shi ya jagoranci aikin. Laka ba ta son gaggawa: a zuba, a jiƙa, a daddaɓe, a bar ta ta sha iska, sannan a ƙara wata. Bazara biyu muka yi a kan wannan.

3. Ranar Talata, 8 ga Oktoba, ɗan kwangilar hukuma ya shigo da katafila. Ya ɗauka tuddan nan ƙasa ce da wasu suka jibge ba bisa ƙa'ida ba. Bai nemi kowa ba, alhali lambar wayata na manne a ƙofa. Ya baje su, ya kwashe lakar, ya watsa irin ciyawa, ya kulle ƙofar filin da sabon kwaɗo. Ranki ya daɗe, ciyawa abu ce mai kyau, amma mu ba tumaki muke kiwo ba.

4. Ranar da Malam Sumani ya ga filin, sai da na riƙe shi. Ban taɓa ganin idonsa ya kawo ruwa ba sai ranar. Ni ma raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau bai huce ba.

5. Masu duba lafiyar fili za su zo ranar Laraba, 30 ga Oktoba. Idan babu tuddan, ba za su amince da filin ba, inshorarmu ta faɗi, tsere ya tsaya ke nan.

Saboda haka muna roƙo cikin ladabi: a buɗe mana ƙofa a wannan makon, a dawo mana da lakarmu, kuma ofishinki ya nemi a ɗaga ranar dubawa zuwa bazara. Ba mu nemi ma'aikata ba. Hannuwanmu na nan.

A ƙarshe, ya zama dole in sanar da ke cewa jiya Lahadi da la'asar na ga matuƙanmu biyu suna tsere a babban titi, sun ratsa tsakanin bas da wata babbar mota. Na gane ɗayan tun daga nesa. Ɗana ne, Fa'iz.

Ina fatan Allah Ya sa a dubi kukanmu da idon rahama.

Naki cikin girmamawa,

Maharazu Lawal Gumel
Sakatare