Ashe Ba Manaja Ne Ke Hana Mijina Hutu Ba

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Duk wanda zan faɗa wa maganar nan a cikin dangi, kafin la'asar ta zaga kowane gida, shi ya sa na rubuto miki. Ki sakaya sunana.

Maigidana shi ke riƙe da makullan sito a wani kamfani mai rarraba kaya ga kantuna. Duk kwalin da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta hannunsa. Ba zan ɗauki alhakinsa ba: ba ya shaye-shaye, ba ya bin mata, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ci da sha da makarantar yara bai gaza ba. Aibinsa ɗaya, ba ya nan. Ko ranar da ba aiki, wayarsa na gefen kwanon abinci, da ta yi ƙara sai ki ga mutum yana laluben takalmi da loma a baki. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin ya ɗauki hutun shekara ba. Duk sanda na tambaya, amsar ba ta canzawa: manaja ya hana.

Na tsani manajan nan tun ban taɓa sa shi a ido ba. Da na zo haihuwar auta, maƙwabciyata ce ta riƙe mini jaka a asibiti, manaja ya hana. Da babban ɗanmu ya karye a wurin ƙwallo, ni na goya ƙato har bakin titi, manaja ya hana. Rasuwar mahaifina ma, ana gama binne shi mijina ya kama hanyar komawa aiki, 'yan'uwana suna kallona ina sunkuyar da kai. A raina na gama zana mutumin, ƙato mai tumbi da jajayen idanu. Yara kuwa har suna suka raɗa masa, Mai Hana Baba, in ɗaya ya ƙi wanka da shi ake tsorata shi.

Kwanakin baya likita ya ce akwai ƙari a mahaifata, sai an yi mini aiki, an sa rana a wata mai zuwa. Tsoro nake ji, Anti, ban taɓa shiga ɗakin tiyata ba. Na zaunar da maigida na ce masa wannan karon ba maƙwabciya nake so ba, shi nake so a bakin ƙofa. Ya ce zai nemi hutu. Bayan 'yan kwanaki ya dawo fuska a murtuke, ya ce ya roƙa kamar zai durƙusa, manaja ya ce lokacin binciken kaya ne, ba mai motsawa. Ni ce ma na koma ina rarrashinsa, har ruwan wanka na ɗora masa.

Ana nan sai kamfanin ya shirya abin da suka kira ranar iyali, wai ma'aikata su shaƙata da iyalansu. An kafa rumfuna a harabar sito, an jera kujerun roba, ga lemo ga balan-balan. Maigida bai so mu je ba, ya ce rana, ya ce hayaniya. Ni kuwa na ce ko don in ga fuskar azzalumin nan sai na je. Ana cikin cin abinci sai ga wani ɗan tsamurmurin dattijo mai furfura da tabarau yana bin tebur-tebur yana gaisawa. Maigidana ya miƙe zumbur, ya ce mana manaja ne. Dattijon ya miƙa wa auta hannu. Yarinya ta ɓoye hannayenta a baya, ta ce ita ba za ta gaisa da Mai Hana Baba ba, tunda ya hana Baba zuwa asibiti ranar da za a yanka Mama.

Dattijon ya janye hannunsa. Ya dube ni ya tambaya wane asibiti, wa ba shi da lafiya. Ashe, Anti, ko labarin ciwona bai taɓa ji ba. Ya rage murya don kada na teburin kusa su ji, ya ce shi da ofishin kula da ma'aikata sun gaji da roƙon mijina ya tafi hutu. Duk shekara sai ya ce a ɗaga masa, ba shi da wata larura a gida. Na waiga, mijina ya ƙura wa kwalbar lemo ido ya kasa ɗagowa.

Ba shi da wata larura a gida. Wannan magana ce ta ƙi fita daga raina har yau.

Da muka dawo na tura yara maƙwabta, na tsare shi. Da fari kame-kame ya yi ta yi, wai manaja gyara sunansa yake a gaban mutane. Na ce to mu koma tare a maimaita. Can ya ce ba zan gane ba, shi kansa ta haka ya sami makullan nan. Wanda ke riƙe da su kafin shi ya tafi hutu, aka ce shi ya riƙe na ɗan lokaci. Kafin mutumin ya dawo an ga aiki na tafiya ba tare da shi ba, aka tura shi wani reshe, daga nan aka sallame shi. Yanzu kuma an ba shi mataimaki mai ƙwazo da ya fi shi iya kwamfuta. Wai duk don mu yake yi.

Don mu? Rashin zuwan bai kai wannan ci mini rai ba: yadda ya iya haɗa fuska ya shigo mini da ƙarya, ya zauna ina ba shi haƙuri a kan ciwona. Yayata ta sha cewa wane irin aiki ne wannan da ba a numfashi, ni kuma in hau ta da faɗa ina kare shi. Ya mai da ni sakarya a gaban kowa, kuma ina jin kamar ban san mutumin da nake zaune da shi ba. Tun ranar nan, abinci kawai nake rufe masa in ajiye, daga gaisuwa ba ƙari. Wata zuciyar na ce mini in kwashi yara in tafi gidan yayata in yi jinya a can, in ya ga dama ya auri sitonsa. Wata kuma na ce mini in je wurin manajan da kaina in karɓo masa hutun. Har yau bai ce mini ya nema ba, rana kuwa sai matsowa take. Ya zan yi?

Taki,
Matar Mai Makulli

AMSA

Ƙanwata, sannu da jiki, sannu da wannan abu. An ci amanarki, fushinki kuma yana kan hanya. Kada wani ya ce miki tunda ba mace ya ajiye a waje ba ai ba komai. Ƙarya ce ta shekaru, ya jingina ta ga bawan Allah da bai ji ba bai gani ba, ya bar ki ke kaɗai a lokutan da mace ta fi bukatar mijinta.

Amma maganar makullin nan na yarda da ita. Ina yawan samun irinta. Ma'aikacin da ya ga an ture wani, musamman in shi ya hau kujerar, ba ya sake sakin jiki. Mijinki ba gida yake gudu ba, kujera yake gadi, kuma kunya ta hana shi ce miki tsoro yake ji. Wannan bai wanke shi ba, sai dai ya nuna mana inda ciwon yake. Ki kuma sani, mutumin da ke cin abinci kunnensa na kan waya shekara da shekaru shi ma ba lafiyayye ba ne. Irinsu ake tsinta wata rana a faɗe tsakanin kwalaye.

Kada ki je wurin manaja. In kika karɓo masa hutun, ko ya zo ba za ki taɓa sanin ko da kansa zai zo ba, kuma kin sake ɗauke masa nauyin da nasa ne. Kada kuma ki tattara ki fita cikin fushi ana gab da yi miki aiki, jininki ya hau likita ya ɗaga ranar. Abin da za ki fara yi shi ne ki kira yayarki ki faɗa mata gaskiya duka, ta shirya zama da ke a asibiti. Za ta ce dama ta faɗa, ki bar ta ta faɗa, ta ci wannan. Lafiyarki ba za ta rataya a kan alkawarin da ba a gwada ba tukuna.

Sannan ki zaunar da shi yara ba sa nan, wayarsa na wani ɗaki. Kada ki jero masa laifukan baya, ya san su. Ki ce ga ranar aiki, kina son sa a wurin, kuma shi zai je ya nema da bakinsa. Ya faɗa wa manajan abin da yake tsoro gaba da gaba, a tsayar da wanda zai riƙe makulli da ranar da zai mayar, shi kuma ya nuna wa mataimakinsa aiki tun yanzu. Dattijon da ya rage murya don ya rufa muku asiri bai yi mini kama da mai tuɓe mutum don matarsa na asibiti ba. Ba zan yi miki rantsuwa a kan kamfani ba, ba a cikinsa nake ba. Amma in har wuri ne da ake korar mutum don ya yi jinyar iyalinsa, gara ya sani tun yana da ƙarfin neman wani.

Akwai kuma yara. Shi zai zaunar da su ya ce musu ba wanda ya hana Baba, Baba ne ya yi kuskure. Zai yi masa nauyi, ki bar shi ya ji nauyin.

Daga nan ki zuba ido, kada ki sake tuna masa. In ya nema ya zo, ba wai komai ya wuce ba ne, amma kin sami mutumin da za a iya fara gyara da shi, sai ki buɗe masa hanya. In bai zo ba, ki warke tukuna, sannan ki kira manyanku a zauna. Ko wanne ya faru, wannan karon ba manaja a tsakaninku, abin da ya zaɓa shi za ki gani.

Allah ya sa a yi aikin nan a sa'a, ya tashe ki lafiya, ya ba mijinki zuciyar fuskantar abin da yake tsoro.

Antinku