Jar Fatar Akuya

Weimar, cikin hunturun 1814

Zuwa ga Dorle abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Mama? Ta dai daina hawa tsani ko?

Dorle, nemi wuri ki zauna tukuna.

Kin san tsoho Anselm, marubucin waƙoƙin nan da nake ɗinka wa littattafai. Shekara da shekaru yana karanta Alƙur'ani a fassarar Jamusanci, yana ɗibar haskensa yana zubawa a waƙoƙinsa, amma kunnensa bai taɓa jin karatunsa ba. To, cikin sojojin Rasha da suka yada zango a garinmu akwai Musulmi. An sauke ɗaya a gidansa, Gainulla, mai rauni a kafaɗa. Kullum da asuba yana karatu, tsohon kuwa na raɓe a bakin ƙofa ba takalmi, kamar ɓarawon kaji, hawaye na bin gemunsa.

Yaƙi ya cinye bangon Alƙur'anin Gainulla, da tsumma yake naɗe shi. Anselm ya ce in yi masa sabo. Na ɗauki farar fatar alade, irin wadda muke yi wa littafin coci don ƙarko, na je nuna wa Gainulla ina taƙama. Da ya gane ko ta mece ce, sai ya rungume littafinsa ya ja da baya. Bai yi faɗa ba, idonsa ne ya ciko. Anselm ya dafe kai ya ce, "Jost, kai jaki ne, ni kuma tsohon jaki!"

Fata mai kyau ɗaya ta rage mini, jar fatar akuyar nan da na ajiye don gwajin zama gwani. Kin sani, ba gwaji ba shago, ba shago kuwa Babanki ba zai sa rana ba. Irinta sai kasuwar Leipzig da bazara.

Na yanka ta, Dorle. Na wanke hannuwa yadda Gainulla ya nuna mini, shi yana riƙe da takardun, ni ina ɗinki. Jiya rundunarsu ta tashi. Ya sumbaci littafin, ya dafa kaina, ya faɗi wani abu da harshensu da ba na ji. Anselm ya shige ɗaki yana ta rubutu, ko miya bai sha ba.

Aurenmu ya koma bayan bazara ke nan, kuma ban shawarce ki ba. In kin yi fushi, rubuto shi duka, zan karanta a hankali har ƙarshe. In kuma za ki jira ni, ki gaya wa Babanki da kanki, ni tsoronsa nake ji.

Ki gaida kowa.

Naki har kullum,
Jost