Takardu Biyar da Jinkar Madike

Litinin, 6 ga Agusta, 1883. Tsibirin Ndar.

Kwana sittin da biyu da rasuwarka, Madike. Ina ƙirgawa ne don yayarka Soda tana ƙirgawa, ba na so ta riga ni. Ta ce takabata za ta fita ana gobe babbar sallah.

Littafin nan naka ne, wanda kake rubuta zurfin kogi a ciki in ka tuƙo jirgi daga gabas. Rabinsa fari ne. Ba ni da wanda zan yi wa magana da rana, shi ya sa na ɗauka. Rubutun allon da babana ya koya min bai tafi duka ba.

Yau mai shela ya bi unguwa da ganga. Wai duk ɗakin zana da jinka da ke cikin tsibirin nan a rushe shi, saboda gobara da zazzaɓi. Sai bulo ko katako, da jan rufi irin na Turawa. Bayansa wasu mutum biyu suka zo da bokiti suka shafa jan fenti a ƙofarmu. Ina ciki ina jin su. Ɗaya ya ce, "Mai gidan fa?" Ɗayan ya ce, "Wanda ya mutu ne." Suka wuce.

Alhamis, 9 ga Agusta

Ɗanmu Yatma ya dawo daga asibitin sojan ruwa yana warin maganin nan da suke wanke ciwo da shi. Ya zauna a bakin ƙofa ya karanta min wata takarda, yana juya min ita da harshenmu. Tsohon likitan da yake yi wa aiki shekara uku ya samo masa gurbi a makarantar likitocin jiragen ruwa a Faransa. Ka san zancen, kai ka fara ɗaure masa gindi.

Takardu biyar ake so. Ta haihuwa, ta karatu, ta lafiyar jiki, waɗannan suna hannunsa. Saura biyu. Yardar uba, in babu uba sai uwa ta je ofishin magajin gari da ƙafarta ta sa hannu. Sai ta shaidar hali da mazauni, ita kuma ba a ba wa wanda jan fenti ke ƙofarsu sai an rushe.

Biyar ga watan gobe za a rufe karɓa. Jirgi sha biyu ga wata. Baɗi shekarunsa sun wuce.

Ya ce, "Yaay, uwata, me kika gani?"

Na ce, "Ni da ke takaba? A ɗakin nan ubanka ya bar ni, a nan zan cika kwanakina. Ba ni na kafa ba, Allah ne."

Ya ce haka ne. Ya ninke takardar.

Asabar, 11 ga Agusta

An yi ruwa tun safe. Ko ɗigo ɗaya bai sauko cikin ɗakin ba. Wa ya iya jinka irinka.

Talata, 14 ga Agusta

Serin Makumba, limamin unguwa, ya zo duba ni. Ya tsaya bayan zana muka gaisa, kowa na kiran sunan dangin ɗaya, yana "Gey, Gey," ina "Faal, Faal," har muka gaji. Shi ya ɗauko maganar fentin, ba ni ba.

Ya ce, "'Yata, addini bai matse ki ba. Mai takaba tana fita da rana in lalura ta kama. In kuma hukuma ta rushe ɗaki, ta koma wani ta ƙarasa kwanakinta, babu laifi a kanta. Soda tana da ɗakin bulo a unguwar Sindone. Ki faɗa wa yaron, na ga ya rame."

Na ce to, na gode.

Da Yatma ya dawo ya tambaya wa ya zo, na ce masa, "Liman ne, ya yi wa babanka addu'a." Ban yi ƙarya ba. Ya yi addu'ar.

Juma'a, 17 ga Agusta

Gidan su Kodu maƙwabciyarmu an rushe yau. Gidan mai ɗinkin taru ma. Sun ɗora kayansu a kwalekwale sun haye kogi zuwa Sor. Yanzu in na leƙa ta ramin zana har kogi nake gani, da babu abin da nake gani sai bayan ɗakinsu. Babu mai daka kusa da ni kuma. Ban san ƙarar turmin Kodu ce ke tashe ni ba sai da ta tafi.

Na dafa dambu da kifi, na zuba mana a kwano ɗaya. Na tuna yadda kake ja min kwanon kana cewa, "Ku 'yan Gey, in an bar ku da abinci sai dai a wanke kwano da hawaye." Ni kuma in rama da sunan danginku in ce, "Wa ya taɓa ganin ɗan Sek ya ƙoshi?" Yatma ya ci loma uku ya tsame hannu. Ban iya tsokanarsa ba.

Alhamis, 23 ga Agusta

Ya sani.

Ya shigo da la'asar ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Sai ya ce, "Yaay, na biya wajen Serin Makumba in tambaye shi ko akwai wata hanya. Yana gaishe ki."

Shi ke nan. Bai ƙara ba. Ya buɗe akwatinka ya sa takardunsa uku a ƙasa, ya mayar da rigunanka a kai, ya rufe. Ya tambaya ko akwai ruwa a randa, ya ga babu, ya ɗauki tulu ya fita.

Da ya yi min tsawa da na ji sauƙi. Halinka ne sak. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa cin nasara a kan shirunka ba.

Juma'a, 24 ga Agusta

Bari in rubuta tunda ba mai karantawa. Ba takaba nake tsaro ba. In an rushe ɗakin, ka tafi gaba ɗaya. In na sa hannu, shi ma ya tafi. Mun binne uku, wannan kaɗai ya tsaya. Shekara nawa karatun? In ya gama kuma ba nan za su kawo shi ba, duk inda jirgi ya nufa can ne gidansa. Likitocinsu nawa muka ga zazzaɓi ya kwashe a garin nan shekara biyu da suka wuce?

Sai na ga in na zauna shiru, kwanaki za su yi min aikin. Ba wanda zai ce ni na hana.

Lahadi, 26 ga Agusta

Soda ta zo tun hantsi. Kowa a gidan nan Bajen, wato gwaggo, yake ce mata tun da Yatma ya fara magana, har ni. Ta zauna a kan tabarmarka ba ta tambaya ba.

"Degen, ashe malama muka auro ba mu sani ba? Kin fi liman sanin littafi?"

Na ce, "Bajen, ke fa kika ce ko ƙofar gida kada in taka."

"Na ce! Kuma na ce ki daina kuka da rana, kin daina? Abin da ya yi miki daɗi kike ɗauka. 'Yar Gey ce ke, ko a magana sai kin zaɓi tsoka."

Na yi dariya ban shirya ba, dariyar ta juye kuka. Ta bar ni na yi. Can ta ce, "Ni ma ba na so ya tafi. Ni na fara ɗaukarsa kafin ke. Amma jiya na gan shi a bakin kogi yana tambayar masu jirgi ko suna neman ma'aikaci. Hannun da ya iya ɗinke mutum, ki bar shi ya ja igiya? Ki riƙe shi, zai zauna. Zai kawo miki ruwa kullum, ya gaishe ki, har ki mutu ba zai ce komai ba. Za ki iya?"

Da za ta tafi na ce ta aika wa abokan aikinka. In za a sauke ɗakin, hannun da ya san ka ya sauke, ba gatarin hukuma ba.

Talata, 28 ga Agusta

Sun zo su shida, tsoho Gora a gaba. Suka yi fatiha, suka hau. Na zauna a tsakar gida lulluɓe, Bajen a gefena. Yatma bai je aiki ba. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Gora yana kwance igiya yana mita. "Wannan ƙullin jirgi ne, ba na ɗaki ba. Madike, ko a kabari sai ka wahalar da mu!"

Suna ɗaga jinkar abubuwa suka yi ta zubowa. Wuƙar da muka yi wata guda muna nema. Haƙorin Yatma na farko a ƙulle cikin tsumma, ban san ka ajiye ba. Sai lofe, da ganyen taba a dunƙule. Kai da ka rantse min shekara bakwai da suka wuce ka daina!

Gora ya ɗaga shi sama, ya kira ni da sunan girmamawa ya ce, "Sohna Degen, mu dai ba mu ga komai ba." Duk suka fashe, ashe kowa ya sani sai ni. Na ce, "Allah ya isa tsakanina da 'yan Sek." Yatma ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Rabon da in ji wannan dariyar tun kana da rai.

Kafin azahar babu komai sai da'irar ƙasa mai santsi inda muka yi shekara ashirin da huɗu. Ƙarama ce ƙwarai. Ban san haka take ba.

Alhamis, 30 ga Agusta

Na fita. Rana ta kashe min ido. Bajen ta riƙe ni har ofishin.

Magatakarda ya tambaya sau biyu ko da yardata. Na ce da yardata. Ya miƙo tawada in dangwala yatsa, na ce a ba ni alƙalami. Na fara sunana daga dama, ya ɗauka kuskure ne ya kai hannu zai juya takardar, Yatma ya ce masa wani abu da Faransanci, ya janye. Degen Gey. Ya fito.

Sun aika a duba gidan, sun ga fili. Gobe za a ba shi ta biyar.

A hanya ya ce, "Yaay." Na ce, "Yi shiru, kada ka sa in fasa."

Laraba, 5 ga Satumba

Ɗakin Bajen zafi kamar tanda. Bulo ba ya numfashi. In an yi ruwa rufin sai ƙara, ba irin shirun nan na jinka ba. Tana da kirki, amma tana magana tun asuba.

Laraba, 12 ga Satumba

Ban je bakin ruwa ba. Wannan ba lalura ba ce, kuma da na je da na kunyata shi. A ƙofar ɗaki Bajen ta zuba ruwa a ƙasa ya tsallaka, na ɗebi ƙasar sawunsa na ƙulle a gefen zane don ya dawo. Ya ce, "Yaay, likita zan zama, kina ɗibar ƙasa?" Na ce, "Ka zama ɗin, sannan ka hana ni."

Na ji kukan jirgin wajen ƙarfe goma. Sau biyu.

Talata, 25 ga Satumba

Ba abin rubutawa. Na tsince shinkafa. Na auna ta mutum uku, na mayar da ta ɗaya.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Takaba ta fita. An wanke ni, Kodu ta hayo daga Sor ta yi min kitso, ta ce kaina ya zama sheƙar tsuntsu. An raba sadaka. Gobe sallah, ragon Bajen yana ta kuka a bayan ɗaki.

Da yamma na taka har unguwarmu Lodo ni kaɗai. Su Gora sun kafa ginshiƙai huɗu a filinmu, sun samo katakon wani tsohon jirgi. Ya tambaye ni ina za a sa taga. Na ce ta gefen teku. Ya ce iska za ta dame ni, na ce a sa.

An ce yanzu sanyi ya fara a can Faransa. Rigar ulun da likita ya ba ka, ka sa ta ko da mutane za su yi dariya. Kada ka ci abin da ba ka san yankansa ba, kifi ya ishe ka. In sun yi maka magana mai zafi kada ka yi shirun nan naka, ba su san shi ba, za su ɗauka tsoro ne. Ka rubuto ko layi biyu, Gora ya san wanda zai karanta min. Ɗakin zai gama kafin ka

Na tsaya na duba abin da na rubuta. Madike, ka yi haƙuri. Ban san lokacin da na juya ina yi wa Yatma magana ba.

Gobe zan tambayi Bajen inda ake sayen takardar wasiƙa.